Bargon faci a bangon galeri: me ya ɗaga darajarsa, kuma ina rabon masu allurar Garwa da Marwa?

Kwanakin nan hotuna na ta yawo a Facebook da gurup-gurup na WhatsApp, za ka ga wani ƙaton zane da aka harhaɗa da ƙyallaye kala-kala an rataye shi a farin bango, mutane sun tsaya sun goya hannu a baya suna kallo, a ƙasan hoton kuma an rubuta wani kuɗi wanda in ka juya shi zuwa sefa sai ka sake ƙirga sifilin. Daga Garwa har Kusiri tambayar da ake yi a ƙarƙashin hotunan kusan ɗaya ce: to wannan ba faci ba ne? Ba irin shi ne tsoffinmu ke ɗinkawa da ragowar atamfa su shimfiɗa wa jariri ba? Wasu sun ce wasan masu kuɗi ne kawai, wasu kuma har sun fara tambayar ta ina ake kai kaya. Maganar tana da sassa da yawa, gara a warware su ɗaya bayan ɗaya.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Abu uku ake haɗawa a kira su da suna ɗaya. Na farko ɗinkin faci-faci, wato a yanka ƙyallaye a jona su gefe da gefe har su zama zane guda, shimfiɗa ɗaya ce ba ta da ciki. Na biyu shi ne abin da Turawa ke kira kwilt, shi kuma hawa uku ne: fuska a sama, auduga ko wani abu mai laushi a tsakiya, sai bayan zane a ƙasa, a bi da allura a soke ukun gaba ɗaya don kar cikin ya tattare waje guda. Sau da yawa fuskar faci-faci ce, shi ya sa ake rikita su, amma sukan nan da ya ratsa hawa uku shi ne kwilt ɗin. Na uku kuwa babbar rumfa ce, fasahar zare da ƙyalle, duk wani aikin kallo da aka yi da zare, ulu, igiya, kaba, rama, saƙa ko rini ya shiga ciki, ko ya yi kama da bargo ko bai yi ba.

Sai kwilt na fasaha, wanda a kansa ake ta wannan cece-kuce. Bambancinsa da bargon gado niyya ce: tun farko an yi shi don bango, mai yin shi ne ya ƙirƙiro tsarin ba kwaikwayon tsohon samfuri ya yi ba, yana da suna, yana da shekara, kuma akwai sa hannun mai shi. Ƙungiyar masu irin wannan ɗinki, SAQA, da Yvonne Porcella ta kafa a Amurka a 1989 ta faɗaɗa ma'anar har ta ce duk aikin gani da aka jera hawa-hawa aka ɗinke, ko wanda ke nuni da irin wannan gini, ya shiga. Da wannan ma'anar ko takarda ko leda aka jera aka soke da zare an karɓa.

Yadda bargo ya bar gado ya hau bango

A Turai an daɗe ana raba aikin hannu gida biyu. Zanen fenti da sassaƙa su ne fasaha, ɗinki da saƙa sana'a ce, kuma galibi ta mata, don haka ba a rubuta sunan mai yi. Katangar ta fara tsagewa a Lozan ta ƙasar Suwizalan, inda daga 1962 zuwa 1995 ake baje kolin saƙar bango duk bayan shekara biyu. A can ne Magdalena Abakanowicz 'yar Folan ta riƙa kawo manyan saƙe-saƙe na igiya, daga baya ma ta raba su da bango ta rataye su a tsakiyar ɗaki mutum ya zagaya su kamar gunki.

A Amurka kuma shekarar da ake yawan ambata ita ce 1971, lokacin da gidan kayan fasaha na Whitney a New York ya rataye tsoffin barguna da Jonathan Holstein da Gail van der Hoof suka tara daga kasuwannin ƙauye. Ba a sake musu ɗinki ko ɗaya ba, an dai ɗauke su daga gado an kafa a bango an haska musu fitila, sai masu kallo suka ga sun yi kama da zanen fentin zamani. A 1979 Nancy Crow da abokan aikinta suka fara baje kolin Quilt National a garin Athens na jihar Ohio, cikin wani tsohon garken shanun madara, don masu ɗinka sababbin da gasar barguna ta gargajiya ba ta karɓa.

Labarin da ya fi shafar mu shi ne na Gee's Bend, wani ƙauye a lanƙwasar kogin Alabama, mazaunansa jikokin bayi ne da suka yi noman auduga, da yawansu har yau suna ɗauke da sunan Pettway, sunan mutumin da ya mallaki gonar da kakanninsu. Matan ƙauyen suna ɗinka barguna da tsoffin wandunan aiki da buhunan gari saboda sanyi da rashin kuɗi, ba don kowa ya gani ba. Wani mai tara kayan fasaha, William Arnett, ya bi gida-gida ya saya da yawa, a 2002 aka nuna su a Houston sannan a Whitney, jaridu suka ɗauka, a 2006 gidan wayar Amurka ya buga hotunan bargunan a jikin kan sarki na aika wasiƙa. Bayan shekara ɗaya, a 2007, wasu daga cikin matan suka kai iyalan Arnett kotu a kan kuɗi da amfani da hotunan aikinsu, aka rufe shari'ar a 2008 ba tare da an kai ga yanke hukunci a kan zargin ba. Har yau akwai masu cewa in ba don Arnett ba da ba wanda ya san su, akwai kuma masu cewa an sayi kaya a hannun waɗanda ba su san farashin da ke jiran kayan a gaba ba.

Afirka ba 'yar kallo ba ce

Abdoulaye Konaté na Mali, haifaffen Diré a 1953, da shadda yake aiki, a yanka ta siri-siri a jera dubbai hawa kan hawa har launi ya riƙa sauka daga baƙin shuɗi zuwa fari, kuma an nuna aikinsa a babban baje kolin Venis a 2017. El Anatsui ɗan Gana da ya yi shekaru yana koyarwa a Nsukka, shi da marafan kwalabe yake yi, a daddake su a ɗaure da wayar tagulla su zama kamar wani makeken zane mai nauyi, a 2015 Venis ta ba shi lambar yabo ta aikin rayuwa, kuma akwai ayyukansa da aka sayar sama da dala miliyan ɗaya a gwanjo, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba, wato abin ya haura sefa miliyan 500. A Senegal tun 1966 shugaba Senghor ya buɗe masaƙar zanen bango a Thiès. Bisa Butler a Amurka, wadda mahaifinta ɗan Gana ne, da atamfa irin wadda ke kasuwarmu take haɗa fuskokin mutane.

Mu a nan arewa kuwa abin ya girmi duk waɗannan shekarun. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan lifidi a hawan Sallah na lamido ya ga kwilt da idonsa, don lifidi zane ne sama da ƙasa, an cusa auduga ko audugar rimi a tsakiya an soke da zare, a kan fuskarsa kuma ga ƙyallaye ja da fari da rawaya an yanka su kusurwa-kusurwa. An yi shi ne don kibiya da mashi, amma ginin iri ɗaya ne da abin da ake ratayewa a Ohio. Haka jibbar Ansar, mabiya Mahadi na Sudan, wadda ta fara a matsayin rigar talaka mai gudun duniya, faci a kan faci, daga baya aka riƙa tsara facin da kyau ana daidaita launuka, mayaƙan Rabe ma sun sa irinta kafin a kashe shi a Kusiri a 1900. Bayan yaƙin Omdurman na 1898 sojojin Ingila sun kwashi irin waɗannan riguna, yanzu suna cikin gilashi a gidajen tarihinsu.

Sai ndop, shuɗin zanen sarakunan Bamileke da Bamun, wanda gwamnatin Kamaru ta sa cikin kayan gadon ƙasa a 2020. Wanda ya gan shi a Bafusam ko Fumban zai ɗauka can aka yi shi daga farko har ƙarshe, alhali bisa tsohon tsarin sana'ar a arewa ake saƙa sawayen audugar, abin da Fulani ke kira leppi, a kai kudu mata su ɗinke zanen da zaren tukurwa, a dawo da shi Garwa a tsoma a baba, a sake mai da shi kudu a warware ɗinkin farin zanen ya fito. Tafiyar ɗaruruwan kilomita, je ka dawo, hannun masaƙi da na marini duk suna jikinsa, amma in aka rataye shi a gidan tarihi abin da za ka gani a ɗan katin gefe shi ne sunan ƙabila ko masarauta, da wuya ka ga an ambaci Garwa balle sunan marinin.

Me ake biya, in ba ƙyallen ba?

Ƙyallen da ke cikin babban kwilt in ka auna shi a kasuwa bai fi wasu 'yan jakunkuna ba. Abin da mai saye ke biya shi ne suna da tarihin aikin: wa ya yi, yaushe, ina da ina aka nuna shi, wane gidan tarihi ne ya sayi ɗan'uwansa, wa ya yi rubutu a kai. Duk sanda aiki ya shiga wani babban baje koli farashin sauran ayyukan mai shi na motsawa. Galeri, wato gidan da ke nunawa da sayar da kayan fasaha, ita ke kai kaya, ta biya haya da jigila da inshora da buga littafin hotuna, kuma bisa al'adar kasuwar rabin kuɗin sayarwa take ɗauka. Tsakanin galeri da gidan tarihi akwai mai zaɓen ayyuka, wanda ke yanke abin da zai hau bango da abin da zai zauna a sito, kuma a wannan kujerar 'yar Kamaru Koyo Kouoh ta kai ƙololuwa, an naɗa ta ta shirya baje kolin Venis na 2026, Allah ya yi mata rasuwa a watan Mayun 2025 kafin lokacin.

Saboda haka barguna biyu za su iya fitowa daga hannu ɗaya, ɗaya ya ƙare a rumfar artizana ana cinikinsa da jaka goma, ɗayan ya bi ta hanyar takardu ya kai inda ake ƙirga shi da yuro.

Ra'ayoyin da ke karo da juna

Masu goyon baya suna cewa gyaran tsohon zalunci ne. An yi ɗaruruwan shekaru ana raina aikin allura don na mata ne da talakawa, yanzu da aka rataye shi kusa da zanen fenti an ga tunanin da ke ciki, yadda ake auna launi da launi da yadda ake karya tsari da gangan. Suna kawo misalin Faith Ringgold, wadda ta rasu a 2024, da ta riƙa rubuta labarai a jikin barguna saboda masu buga littafi sun ƙi karɓar rubutunta.

Masu suka kuma kashi biyu ne. Akwai masu cewa bargo da aka hana taɓawa an kashe rabinsa, don an yi shi ne ya ji jiki, ya sha wanki, ya koɗe, a gada. Akwai kuma masu cewa kasuwar ce ta ƙoshi da fenti ta juyo neman sabon abu mai araha, gobe za ta iya juya baya, kuma wanda ya saya da wuri shi ke cin ribar. Teloli da masu surfani suna da nasu ƙorafin daban, mutumin da ya yi wata uku a kan aska takwas, ɗinki ba kuskure ko ɗaya, sai ya ga an yaba bargon da layinsa ya karkace. Amsar da masu galeri ke bayarwa ita ce su ba tsabtar ɗinki suke aunawa ba, sabon tunani suke nema, aska takwas kuwa samfuri ne da aka gada ana maimaitawa. Masu surfanin su ce ai ko cikin maimaicin kowane hannu da irin nasa, wanda ya san aikin yana ganewa. Wannan gardamar ba a gama ta ba ko a ƙasashen Turawa.

Akwai kuma batun addini, wanda a nan ba a tsallake shi. Hadisin Nana A'isha na labule mai hotuna da Manzon Allah (SAW) ya nuna rashin yarda da shi, ta yanka shi ta yi matasai, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma daga nan malamai suka yi ta bayani a kan bambancin abin da aka rataye da abin da ake takawa ko jingina, da bambancin sura mai inuwa da marar inuwa. An samu saɓani a kan surar mai rai a jikin zane, amma tsarin kusurwoyi da layuka da launi zalla ba a cika jayayya a kansa ba, kuma mafi yawan abin da ya yi suna a wannan fanni, daga Gee's Bend har yawancin ayyukan launi na Konaté, irin wannan ne.

Doka fa?

Kamaru na da dokar haƙƙin mawallafi ta 19 ga Disamba 2000, kuma ita da Cadi duk suna cikin OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin ƙirƙira mai hedkwata a Yawunde, ƙasashe 17. Abin da ya kamata mai ɗinki ya riƙe shi ne sayar da bargo daban, sayar da haƙƙin zanensa daban. Wanda ya sayi bargon ya mallaki ƙyallen, amma buga hotonsa a kan atamfa ko jaka ko kalanda sai da izinin mai aikin, sai dai in an rubuta an sa hannu a kan akasin haka. Akwai kuma haƙƙin bibiya, wato ɗan kaso da mai aiki ke samu duk sanda aka sake sayar da aikinsa a gwanjo ko ta hannun dillali, Faransa na da shi tun 1920, Amurka kuwa ba ta da shi a dokar tarayya, shi ya sa in kayanka ya ƙare a New York ba ka da abin nema ta wannan ƙofar.

Wahalar ita ce doka na kare aikin da ke da mai shi sananne. Samfurin da al'umma ta gada, kamar tsarin lifidi ko na ndop, ba na mutum ɗaya ba ne, sai dai a bi ta wata hanya, irin rajistar alamar asalin wuri da OAPI ta yi wa masoron Penja da farar zumar Oku a 2013. Shigar kente na Gana cikin jerin UNESCO a Disamban 2024 ma suna ne da martaba, ba ya hana wata masana'anta buga kwaikwayonsa a leda-leda a kawo kasuwa da araha, kamar yadda ake yi wa ndop yanzu. Tsoffin kaya kuma akwai dokar kayan gado ta 2013, fitar da su daga ƙasa sai da izinin hukuma.

Abin da zai iya sauyawa a unguwa

Ga tela da matar da ke ɗinki a gida, kayan aiki ba matsala ba ne. Auduga a nan ake nomanta, SODECOTON na Garwa tun 1974, Cotontchad na Mundu, ragowar yadi kuwa kowane shagon tela na sharewa da yamma, ga gwanjo. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai saye da wurin nunawa. Tun bayan sace wasu Faransawa kusa da Waza a 2013 masu yawon buɗe ido suka janye daga Arewa Mai Nisa, kasuwar artizana ta Marwa ta ji a jikinta, manyan wuraren nuna fasahar zamani kuma, irin doual'art da aka kafa a 1991 da Bandjoun Station ta Barthélémy Toguo, duk suna kudu. Baje kolin SIARC na Yawunde da SIAO na Wagadugu suna karɓar kayan hannu, sai dai can a rumfar sana'a ake ajiye ka, ana ciniki ana ragi, ba a bangon galeri ba. Kowanne da amfaninsa, kuɗin rumfa kaɗan ne amma yau, na galeri zai iya yin yawa amma sai an yi shekaru ana gina suna kuma ba tabbas.

Inda aka fi saurin yin asara shi ne tsoffin kayan gida. In wannan kasuwa ta ƙara zafi dillalai za su ƙara shiga ƙauyuka neman tsohon gwado da luru da rigunan saƙi da lifidin da aka jingine, kuma mai gida da bai san inda kayan za su ba zai ga kamar an taimake shi an raba shi da tsumma. Wasu ma yanka su ake yi a yi matasan kujera. Abu mafi sauƙi da masu sana'ar a wasu wurare suka koya shi ne a ɗinka suna da gari da shekara a bayan aikin da zare, don takardar da aka manna tana faɗuwa, a ɗauki hoto kafin ya bar gida, in kuma galeri ce ta karɓa a rubuta cewa ajiya ce ko saye, nawa ne kason kowa, wa zai biya in ya lalace.

Kallo da adanawa a ƙasar zafi

Wanda ya samu shiga irin wannan baje koli zai ga ɗakin da ɗan duhu, ba rowar wuta ba ce, haske na cin launi kuma in ya ci ba ya dawowa, shi ya sa gidajen tarihi ke tsayar da hasken kayan zare a wajen luks 50 a ma'aunin ƙarfin haske. Ba a taɓawa saboda maiƙon hannu. Ana kallo sau biyu, daga nesa a ga yadda launuka suka zauna, sannan a matso a ga sawun allura, ko na hannu ne ko na keke, inda aka ja zare da inda aka sake shi, abin da hoton waya ba ya nunawa ko kaɗan, mu kuma yawancinmu ta wayar muke gani.

A Garwa ko Njamena abokan gaban zane sun fi na Lozan yawa, ranar Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, ƙurar hunturu da ke shiga tsakanin zare ta riƙa gogarsa, laimar damina, ga gara da asu da ɓera. Ba a kafa shi da ƙusa, ana ɗinka masa wani dogon aljihu a baya a zura sanda don nauyin ya rabu daidai, a bangon da rana ba ta bugu kuma nesa da hayaƙin murhu. In za a ajiye, naɗewa ake yi a jikin sanda a rufe da farin zanen auduga wankakke, don ninki na karya zare a kan layin, leda kuma na tara gumi. Wanda aka rina da baba a ware shi daga fari, yana zuba.